Za mu je Fontainebleau hawan dutse a lokacin kaka, mu kwana a tanti: me za mu shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne, abokai tun sakandare. Biyu muna Jos, biyu suna karatu a Turai. Mun ɗan saba da hawan ƙananan duwatsu ba igiya, mu a duwatsun Jos, su kuma a ɗakin atisaye. Mun yanke shawarar haɗuwa a Fontainebleau ta ƙasar Faransa a watan Oktoba, mu yi kwana goma, mu kwana a tanti don rage kashe kuɗi. An ce mana ka sha zuwa wurin. Me za mu shirya, kuma me ya fi kamata mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayar nan ta yi mini daɗi ƙwarai, don kun zaɓi wuri, kun kuma zaɓi lokaci. Amma bari in fara da abin da zai riƙe tafiyar gaba ɗaya, tun kafin maganar biza da tikiti: a dajin Fontainebleau, da kaka, danshi ne mai gari. Shi ke cewa yau a hau ko a haƙura, shi ke cewa za ku yi barci ko za ku kwana kuna makyarkyata, kuma sau da yawa shi ke haɗa abokai faɗa a kwana na biyar. In kun shirya masa, sauran duk mai sauƙi ne.

Ku da kuka taso a Jos kun san sanyi, ba za a koya muku ba. Sai dai sanyinmu na hunturu busasshe ne. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, amma rigar da ka shanya da dare ka iske ta ta bushe ƙayau da safe. Sanyin can jiƙaƙƙe ne. A Oktoba da rana za ku ga ma'auni wajen digiri 12 zuwa 16, da dare kuma yakan sauka ƙasa da 5, wani lokacin ya kusa sifili. Lambar ba ta da ban tsoro, amma raɓa da hazo su ne ke shiga ƙashi. Tawul ɗin da ka yi alwala da shi ranar Litinin, ranar Laraba ma da sauran laima a jikinsa.

Dutsen ma ba irin naku ba ne. Na Jos, da Kufena ta Zariya, da Zuma, duk ƙaƙƙarfan dutse ne mai kaushi wanda ruwa ba ya ratsa shi sosai. Ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan haska, ka hau abinka. Na Fontainebleau dutsen yashi ne. Rairayi ne fari tas da teku ya bari a wurin shekaru wajen miliyan 30 da suka wuce, wani ɓangarensa ya dunƙule ya zama duwatsu, sauran kuma yana nan a ƙasa, shi za ku riƙa takawa. Saboda tsabtarsa ma har gilashi ake yi da rairayin yankin. To irin wannan dutse yana shan ruwa kamar tulun ƙasa. In ya sha, ƙarfinsa ya ragu, kuma ɗan tudun da ka kama da yatsu ko ka taka da ƙafa zai iya ɓallewa. In ya ɓalle ya tafi ke nan, ba mai mayar da shi. Hanyar da mutane suka shekara 70 ko 80 suna bi, mutum ɗaya mai gaggawa zai iya lalata ta da safiya guda.

Don haka ƙa'ida ta farko: ba a hawan jiƙaƙƙen dutse, ko da fuskarsa ta yi kamar ta bushe. Yadda na koya daga mutanen wurin shi ne ka tsuguna a gindin dutsen, ka tona rairayin da ɗan yatsa. In ka ji ƙasan da laima, to cikin dutsen ma haka yake. Ka kuma ɗora bayan hannunka a inda za ka kama. In ka ji sanyi mai ɗan maƙewa, ko ka ga wurin ya fi kewayensa duhu, ka bar shi. Bayan ruwa mai ƙarfi, kwana ɗaya cur na iska da rana shi ne mafi ƙaranci, wasu wuraren sai biyu. Kuma zuba allin da ake shafa wa hannu da yawa ba ya busar da dutse, taɓo kawai yake zama ya toshe kaushinsa.

Dajin babba ne, ya kai hekta 25,000, yana kudu maso gabas da Paris da tazarar kilomita wajen 60, kuma ba duka yake bushewa lokaci guda ba. Sanin wannan shi zai ceci kwanakinku. Wuraren da suke fili ko kan tudu, inda iska ke kaɗawa, su ke riga bushewa: Cul de Chien da wurin da ake kira 95.2 a ɓangaren Trois Pignons, da saman Apremont. Waɗanda ke ƙarƙashin inuwar itatuwa, irin su Bas Cuvier da Franchard Isatis, suna daɗewa da laima, ku ajiye su sai ranar da aka jera kwana biyu ba ruwa. Akwai kuma Éléphant kusa da ƙauyen Larchant, inda wani dutse ya fito sak siffar giwa har da hanci. Wurin yana da kyau, amma dutsensa ya fi na sauran taushi, shi ya fi buƙatar a yi masa haƙuri bayan ruwa. Shafin bleau.info yana da taswirar kowane wuri da hanyoyinsa. Ku sauke abin da kuke so a waya tun kuna masauki, don sabis yakan ɗauke a cikin daji.

To me ya sa ake tururuwa can da kaka duk da wannan ruwa? Saboda ranar da aka dace, ba kamarta. Da zafi hannu yana gumi, robar takalmi ta yi laushi, dutsen ya riƙa zame maka. In sanyi ya sauka, iska ta bushe, sai ka ji tafin hannunka yana manne wa dutse kamar an shafa masa danƙo. Na tuna wata safiya a Cul de Chien bayan mun kwana uku muna jiran ruwa ya ɗauke. Iskar arewa ta yi ta kaɗawa da dare, gari ya waye garau. Mun taka cikin itatuwan da ganyensu ya koma ruwan ɗorawa da ja, sai ga fili na farin rairayi shimfiɗe kamar an yanko Sahara an ajiye a tsakiyar kurmi, duwatsu baƙi-baƙi a warwatse a kai. Na ɗora hannu a wani santsin tudu da na kasa riƙewa a farkon mako, sai na ji ya zauna daram. Wannan rana ɗaya ta biya kwana ukun nan da riba. A kwana goma, in kun sami biyar ko shida irin wannan, ku gode wa Allah, kun yi sa'a.

Yanzu maganar hawan kansa. Abin da ya bambanta Fontainebleau da ko'ina shi ne zagayen da aka yi wa alama da fenti. Za ka ga 'yar kibiya da lamba a jikin dutse. Ka hau na 1, ka sauko, ka bi ɗigon fenti zuwa na 2, haka har ka ƙare talatin ko arba'in ko fiye. Launin fentin ke nuna wahala: ruwan ɗorawa shi ne mai sauƙi, sai ruwan lemo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi ko fari na gwanaye, akwai kuma farare na yara a wasu wurare. Wani mai suna Fred Bernick ne ya fara zana irin wannan zagaye a 1947 a Cuvier Rempart, don masu shirin hawan tsaunukan Alps su sami doguwar hanyar atisaye kusa da Paris. A nan kuma Pierre Allain da abokansa suka yi ta gwaji tun shekarun 1930 har ya fito da takalmin hawa mai santsin roba, kakan wanda ke ƙafarku yau. Ma'aunin wahalar da ake rubutawa 6A, 7A, 8A a ɗakunan atisaye na Turai, daga wannan daji ya samo asali. Hanyar hawa mai suna Marie-Rose da ke Bas Cuvier, wadda René Ferlet ya hau a 1946, ita ce 6A ta farko. Michel Libert ya fara hawan L'Abattoir a 1960, Jacky Godoffe kuma ya kai 8A da C'était demain a 1984.

Na kawo waɗannan sunaye ne saboda abokanka biyu na ɗakin atisaye. Za su zo da lamba a ka, su ce su 6B ko 6C suke hawa, su nufi Marie-Rose tun ranar farko. Ka gaya musu daga bakina: su yi kwana biyu a ruwan ɗorawa da ruwan lemo tukuna. A ɗakin atisaye abin kamawa a fili yake, mai launi, an ɗaura shi da kusa. A nan sau da yawa babu abin kamawa sam, sai ɗan kumburi da za ka shimfiɗa tafin hannu a kai, da wata 'yar ƙyasfi kamar ƙwayar gero da za ka ɗora babban yatsan ƙafa ka yarda da ita. Ƙarfin damtse ba ya aiki a nan sai ƙafa ta iya. Marie-Rose kuwa dubban takalma sun goge matakanta har suna sheƙi, gwanaye da yawa sun sha ƙasa a gindinta. Ku na Jos ma kuna da ɗan rinjaye, don kun saba da neman mataki a dutse na gaske, kun kuma san yadda ake ƙarasa hawa a kan dutse mai kan tulu, inda sai ka danna tafin hannu ka turo jikinka sama kamar mai haye katanga.

Abin da ya gyara mini ƙafa ba wani darasi ba ne, wani dattijo ne da na gani a Roche aux Sabots, furfura fat, ya haura saba'in a ganina. Ba shi da katifar da ake shimfiɗawa a gindin dutse don mai faɗowa. Abin da ke hannunsa ɗan guntun darduma ne kamar na bakin ƙofa, da tsumma. Kafin kowane hawa sai ya tsaya a kan dardumar, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya murza ƙasan takalmin da tafin hannu har sai ya yi ƙara, ya yi wa ɗayar haka, sa'an nan ya taka dutse kai tsaye ba tare da ya sake taɓa rairayi ba. Ya bi zagayen shuɗi lamba bayan lamba, ban ji ko sau ɗaya takalminsa ya karci dutse ba. Da ya ga ina kallo sai ya nuna takalmina, ya nuna dardumar, ya matsa mini. Wannan sharar takalmi amfaninta biyu: ba za ka zame ba, kuma rairayin da ke manne a roba shi ke cinye dutsen kamar sanfefa. Kowannenku ya zo da guntun darduma da tsumma da buroshi mai laushi. Buroshin waya haramun ne a wurin. In kun gama da dutse ku goge allin da kuka bari.

Raunin da na fi gani a dajin nan targaɗe ne da karayar idon sawu, kuma yawanci ba daga can sama ake faɗowa ba. Ƙafa ce ke sauka a bakin katifa, ko a tsakanin katifu biyu, ko kan saiwa. Ku huɗu, katifa biyu ita ce mafi ƙaranci, uku ta fi. Kada ku wahalar da kanku da ɗauko ta a jirgi, ana bayar da haya a garuruwan da ke kewayen dajin, ku dai kama tun da wuri. Mai tsaron wanda ke sama ba aikinsa cafe mutum ba ne. Aikinsa ya kare kai da wuya, ya karkata mai faɗowa zuwa katifa, hannuwa sama, yatsu a haɗe, ido a kan ƙugunsa, ba a kan waya ba. Kuma kafin ka hau kowane dutse, zagaya bayansa ka ga ta inda ake saukowa. Na sha ganin mutum ya hau da murna ya tsaya cirko-cirko a sama, don saukar ta fi hawan wuya. Lambar gaggawa 112 ce. Ku riƙa sanin sunan wurin da kuke da sunan inda kuka ajiye mota, don shi za a fara tambayarku.

Fatar yatsu ma dukiya ce. Dutsen yashi yana cin ta a hankali, ba ka ankara sai ka ga kan yatsu ya yi ja yana tsattsafo da ruwa. Kwana biyu hawa, ɗaya hutu. In Allah ya sa ranar hutun ta faɗo ranar ruwa, kun ci riba biyu.

Sai kwana. Ba a yarda a kafa tanti ko'ina a cikin dajin ba, kuma hura wuta laifi ne mai tara. Hukumar gandun daji ta ƙasar, ONF, tana sa ido, kuma da gaskiyarta, don ƙasar wurin da busasshen ganyen da ke kanta suna riƙe wuta a ƙarƙashi. Ku kama wuri a sansanin da aka tanada. La Musardière da ke kusa da Milly-la-Forêt ita ce masu hawa suka fi sani saboda kusancinta da Trois Pignons, akwai kuma wani a Grez-sur-Loing ta kudu. Ku rubuta musu ku tabbatar suna buɗe a ranakunku, don sansanoni da yawa a Faransa suna rufewa in kaka ta yi nisa. Ku kuma lura da hutun makarantu na Toussaint, daga wajen tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin wuri yana cika.

A kayan kwana, inda mutanenmu suka fi kuskure shi ne shimfiɗa. Mutum ya sayi jakar barci mai tsada ya kwanta a kan 'yar tabarma. Ƙasa ma tana zuƙe ɗumin jiki sosai, ba iska kaɗai ba. Ku nemi shimfiɗa mai kauri, in ta gaza ku kwanta a kan katifar hawan, tana aiki sosai. Jakar barci ta zama wadda aka rubuta za ta ɗauki sifili. Tanti ya zama mai rufi biyu, kuma ku bar 'yar kafar iska a buɗe ko ana sanyi, in ba haka ba numfashinku zai taru a rufin ya riƙa ɗigo muku da asuba. Tanti biyu na mutum uku-uku ya fi ɗaya babba, don kaya su sami wuri. Ku ƙara da tamfol da igiya, ku ɗaura rumfa tsakanin itatuwa. Wannan rumfa ita ce zaurenku: nan za a yi girki, nan za a yi sallah in ana yayyafi, nan za a zauna hira. Kayan barci, wato riga da wando da safa da hula, ku sa su a leda ku ƙulle, kada a taɓa su sai da dare. Kuma ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya kunna risho ko gas a cikin rufaffen tanti don jin ɗumi. Hayaƙinsa ba ya wari, kuma yana kisa cikin barci.

Tukunyar gas ba a shiga jirgi da ita, a can za ku saya, kantin Decathlon na da ita. Kilishi da dambun nama da man shanu ma ku bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Yaji da dabino ba su da matsala, kuma za ku gode mini ranar da kuka barbaɗa yaji a kan taliya da kifin gwangwani cikin sanyi. A kanti ku riƙa karanta kwali: porc, jambon da lardons duk alade ne, kuma yana ɓuya a abincin da ba ka zata ba. Mahautan halal akwai su a manyan garuruwan kusa, kamar Melun. Manyan kantuna da yawa suna rufewa ranar Lahadi da rana, gidajen burodin ƙauye kuma kowanne da ranar hutunsa, don haka kada ku bari sai kayan abinci sun ƙare.

Rana gajera ce. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai lokacinsu ya yi daidai da na Najeriya, kuma daga ranar magariba tana faɗowa wajen biyar da rabi. Safiya kuwa raɓa ba ta barin dutse da wuri, ba kasafai ake fara hawa kafin goma ko sha ɗaya ba. Ke nan azahar da la'asar a daji za su same ku. Ku riƙe gorar ruwa ta alwala daban, alƙibla tana kudu maso gabas, kuma ku matafiya ne, kuna da sauƙin da addini ya ba ku. Kowa ya sa tocilar goshi a jaka, don hanyoyin dajin kama suke da juna in duhu ya yi. In kun ga allo an rubuta chasse en cours, farauta ake yi, ku canza wuri. Da dare kuma ku duba jikinku saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme, a cire ta da ɗan hantsaki ba tare da an matse cikinta ba.

Ku biyu na gida, biza ita ce za ta fi cin lokaci. Ta Schengen ce, wato wadda ake shiga Faransa da ƙasashen Turai da yawa da ita, kuɗinta Yuro 90 tun 2024 ban da ladan cibiyar karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ku karanta takardar inshorar da kyau, don da yawa suna cire hawan dutse daga abin da suke biya, ku nemi wadda ta ambace shi. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kada ku kai Satumba. Takardar kama wuri a sansani ita ce shaidar masaukinku. In kun sauka a filin jirgin Charles de Gaulle, ku shiga jirgin ƙasa zuwa tashar Gare de Lyon da ke Paris, daga nan layin R zai kai ku Fontainebleau-Avon cikin minti 40 ko kusa da haka. Amma ba mota za ku sha wuya, don gudun danshi yana nufin yau kuna arewa gobe kuna kudu. Ku yi hayar mota mai faɗin baya, mutum huɗu da katifa uku ba sa shiga ƙarama. Tuƙi a hannun dama ne kamar gida. Kada ku bar fasfo ko jaka a mota a bakin daji, ana fasa gilashi.

Abu na ƙarshe da nake so ku zauna ku yi magana a kai tun kafin ku tashi shi ne ranar ruwa. Wanda ya tara kuɗin shekara ya sayi tikiti daga Abuja, in ya wayi gari kwana uku a jere ana yayyafi, zuciyarsa za ta ce a je a gwada kawai. Wanda ya zo daga Jamus a motar safa ba zai ji zafin haka ba. A nan rai ke ɓaci. Ku yi alkawari tun yanzu cewa in rairayin gindin dutse da laima, ba mai hawa, kuma ba mai jin haushin wanda ya faɗa. Ku kuma tanadi abin yi. Fadar sarakunan Faransa tana cikin garin Fontainebleau, ana shiga kullum ban da Talata. Ƙauyen Barbizon na masu zane yana bakin dajin. Akwai ɗakin hawa mai suna Karma a garin in hannu ya yi ƙaiƙayi. In yayyafi ne marar ƙarfi, ku bi hanyar 25 Bosses a Trois Pignons, tudu 25 cikin kilomita wajen 16, za ku ga duwatsun da za ku dawo wa. In kuma Juma'a ce, ku shiga jirgi ku yi sallah a babban masallacin Paris da aka buɗe a 1926. Kuɗin mai da abinci da hayar katifa ku zuba a asusu ɗaya tun ranar farko, mutum ɗaya ya riƙe, a raba aikin girki da wanke-wanke da suna.

Ranar komawa ku ware safiya guda don shanya tanti. In rana ba ta fito ba, wanda zai tafi da shi ya baza shi a ɗaki da zarar ya isa, don in ya kwana uku a naɗe da laima zai yi fumfuna. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In kun tsayar da ranakun, ka rubuto mini in gaya maka zagayen ruwan lemo da za ku fara da shi.